Motar Haƙa ta Abokan Gaba

Jiya cajar wayata ta ɗau zafi, ta fitar da ƙaurin nan na robar da ta kusa narkewa. Ina shaƙar sa sai na gan ni a zauren gidanmu na Kaura, zaune a kan tabarma, gwiwata na gogar ta yayana. Haka adaftar gem ɗinmu take wari idan ta daɗe a jone. Zan ba ka labarin a jere, don ni ba na son magana a hargitse.

Da farko, yadda abin ya shigo gida. Baffanmu, ƙanen mahaifina, direba ne, yana kai 'yan kasuwa Shinkafi. Wata rana ya dawo da baƙar na'urar wasan gem ta hannu, da kaset biyu a leda. Aka jona ta da tsohuwar talabijin a zaure. Kaset ɗin ba ya tashi sai an hura masa iska an goge bakinsa da gefen riga.

A kaset na farko, wani ɗan mutum ne sanye da rigar ƙarfe a cikin jirgin sararin samaniya, yana tsalle daga dakali zuwa dakali, ƙarƙashinsa rami. Na biyun ya fi nauyi. Wata duniya ce mai jar ƙasa. Kowane ɓangare yana da motar haƙa, mai tafiya a hankali, tana fita ta kwaso wasu shuɗɗan duwatsu. Da duwatsun ake gina gida da katanga da sojojin ƙarfe. Turancinmu bai kai mu karanta bayanin ba, da faɗuwa da tashi muka gane kansa. Ni wannan na fi so, don komai nasa bi da bi ne: ka tara, ka gina, sannan ka fita yaƙi.

Sai aka ƙaddamar da Shari'a. Gidajen kallo na unguwa suka rufe, kowane magidanci ya shiga duba abin da ke cikin gidansa. Wani maƙwabci ya tare Kakanmu bayan salla, ya ce yara na taruwa a zaurensa kan wani abu mai kama da caca. Kaka ba ya yanke hukunci da jita-jita. Ya tara mu ya ce, "Duk randa anka kawo wuta bayan la'asar, zan zauna in gani da idona. In ɓarna ta, Baffanku shi maida ta inda ya ɗauko ta."

Damina ce, gero ya fara fitar da kai. Ranar da wutar ta zo an yi yayyafi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika zauren. Kaka ya shigo da laka a ƙafarsa, ya shimfiɗa buzu, ya ɗora sandarsa a cinya. Baffa ya tsaya kusa da soket.

Muka fara da ɗan mai tsalle. Kaka ya kalle shi ya faɗa rami, ya dawo, ya sake faɗawa.

"Wanga ba shi da aikin yi sai tsalle kamar ɗan akuya?" Ya dube ni. "Kai, ja'iri, ashe akwai wanda ya fi ka rawar kai."

Muka yi dariya, muka ɗan saki jiki. Aka sa kaset na biyu. Nan Kaka ya matso, ya nuna da sanda.

"Waccan mai jan jiki, mi taka yi?"

Na ce, "Ita ke kawo abin da ake ci da ginin, Kaka."

"To, manomiya ta."

Yayana ne ke riƙe da abin bugawa, yana son ya burge. Sai ya yi dabarar da muka saba, wadda ba ta taɓa ba mu kunya ba: ya kwashi sojoji ya zagaya bayan dutse, ya tare motar haƙa ta abokan gaba. In ka fasa ta, tasu ta ƙare, yunwa za ta gama da su. Aka fara ruwan wuta a kanta, tana ta ƙoƙarin juyawa gida da kayanta.

Kaka ya gitta sandarsa a fuskar talabijin.

"Tsaya. Wagga ta ɗauki bindiga?"

"A'a."

"Kun bar masu bindiga kun tasam ma mai noma. Wa ya koya muku haka?"

Yayana ya ce, "Kaka, hoto ne fa."

"Hoto na, amma hannunka na gaskiya na."

Na ga hannun Baffa ya kai kan waya zai cire. Kaka ya daɗe yana kallon motar, hayaƙi na tashi a bayanta, har ta shige katangar abokan gaba. Sannan ya yi hukunci. Ya ce babu caca a ciki, na'ura ta zauna. In an kira salla a kashe. Ba a kunna ta sai an dawo daga gona. Kuma duk ranar da wani ya sake taɓa mai noma, ko ta wane ne, ranar na'urar za ta koma Shinkafi.

Kada ka ɗauka sharaɗin mai sauƙi ne. Abokan gaba suka yi ƙiba, sojojinsu suka yi ta kwararowa. Dole muka koyi gina katanga mai kauri da jira. Wani lokaci sojojinmu kan buɗe wa motar haƙarsu wuta da kansu idan ta gitta, sai ka gan mu muna rige-rigen janye su, ko da Kaka ba ya gida. Yaran unguwa suka yi ta mana dariya. Har wuta mai ƙarfi ta ƙone adaftar bayan girbi na gaba, ba mu haye wannan matakin ba. Amma na'urar a zaurenmu ta mutu, ba a mayar da ita ba.

Yanzu tsofaffin wasannin nan duk suna shiga waya, ina kuma buga su idan na taso aiki. Kaka ya rasu tun hanyoyin daji na lafiya. Gonarsa ta wajen Sakajiki ta yi damina da dama ba a sa mata fartanya ba, kowa ya san dalili: masu bindiga sun hana noma. Kwanan baya ɗana ya leƙo ta kafaɗata, ya ga motar haƙa ta abokan gaba ta wuce gaban sojojina lafiya.

Ya ce, "Baba, ga ta nan a fili, ka harbe ta mana!"

Na ce masa ya bar ta ta kai kayanta gida.