Garken Kaka a Cikin Ƙwarya

Shekarar da malamanmu na jami'a suka tafi yajin aiki, Baba ya tura ni Kurmin Kogi da aiki ɗaya tak: in lallaɓa Kaka, mahaifiyarsa, ta yarda ta dawo gidanmu a Makarfi kafin damina. Bangon ɗakinta ya tsage, har kana hango akuyar maƙwabta ta tsagar. Tun da ɓarayi suka kore mata shanu take zaune ita kaɗai, tana sayo madara a ruga tana yin kindirmo. Duk wanda ya yi mata maganar tashi, sai ta ce kunnenta ke ciwo.

Ni kuwa lokacin kaina ya ɗau zafi da aikin kammala karatu. Lissafi nake karantawa, an ba ni in fitar da yadda ƙwayoyin bakteriya ke ƙaruwa da tafiyar lokaci. Wata safiya ina kan tabarma ina zana layin ƙaruwarsu a takarda, farko ya kwanta, sannan ya miƙe sama kamar zai fita daga takardar.

"Mai gida, wannan tsutsar fa?" in ji Kaka. Haka take kirana, irin wasan kaka da jika.

Da na yi shiru da na huta. Amma ina! Na gyara zama na ce wasu halittu ne da ido ba ya gani, ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, kuma su ne ma suke mayar mata da madara kindirmo. Ɗan ragowar na jiya da take zubawa a sabuwar madara, ai su take zubawa.

Ta ɗaga faifai ta leƙa ƙwaryarta.

"Masu rai?"

"Masu rai."

"Suna haihuwa?"

Na ce to, kusan haka, sai dai babu namiji babu mace. Ta yi salati, ta ce wannan tsakaninsu da Mahaliccinsu. Sai ta tambayi yawansu. Na ce sun fi shanun Ikara da Kudan a haɗe, nesa ba kusa ba.

Wallahi rabon da in ga fuskarta ta yi haske haka tun shanun na nan. Ta ce, "Ashe ina da garke ban sani ba!"

Shi ke nan, na jawo wa kaina. Kullum sai na ba da rahoto: yau sun kai ina, akwai mara lafiya a cikinsu? Ta daina sayar da kindirmo, wai ba a sayar da dabba tana tsakiyar haihuwa. Matan unguwa suka koma gaishe ta da "Ya garke?" tana amsawa, "Sai godiya, suna ta ƙaruwa." Matar fasto, maƙwabciyarta, ta zo neman ludayi ɗaya za ta haɗa nata, Kaka ta ce kiwo ta ba ta, ba kyauta ba, in sun haihu a raba.

Ranar da masu allurar dabbobi suka shigo gari, ta yafa mayafi ta ɗauki ƙwarya ta shiga layi, tsakanin mai bijimi da mai tumaki. Na bi ta ina roƙo, kunya kamar in nutse. Mai allurar ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, ya ce, "Kai ne ɗan bokon ko?" Ya sha ludayi biyu, ya ce lafiyarsu lau.

Baba ya kira waya ya ji inda aka kwana. Kaka ta karɓe wayar ta ce, "Kai, ka taɓa ganin an kai garke cikin gari?" Ya ce a ba ni wayar. Abin da ya faɗa mini ba zai rubutu ba. Haushi ya cika ni, na kaina da na lissafin baki ɗaya, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Ran nan ina ƙarasa zanen, ta lura layin bai tsaya a sama ba. Ya daidaita, sannan ya gangaro.

"Nan kuma me ya same su?"

Ban shirya komai ba, abin da ke littafi na faɗa. Na ce abincin ya ƙare, wurin ya yi musu tsami, sai su fara mutuwa.

"Duka?"

"A hankali, in an bar su a wurin."

"In ba a so su mutu fa?"

"Sai a ɗebe su a kai su sabuwar madara."

Ta daɗe tana kallon takardar. Ta ɗago ta dubi tsakar gidan, ta dubi turakun da babu komai a ɗaure. Sannan ta ɗora yatsa kan gangaren ta ce, "Ni ina nan ke nan."

Na ce haba Kaka, na fara dariya, sai dariyar ta maƙale, don babu wasa a fuskarta. Tausayinta ya kama ni.

"Kira min ubanka," ta ce. "Ka tambaye shi ko ana samun madarar kirki a Makarfi."

Ranar tafiya ta zauna gaban mota da ƙwaryar a cinya. Ta ja wa direba kunne ya bi a hankali, akwai masu ciki a motar. Kowa ya yi dariya. Ba ta waiwayi gidan ba ko sau ɗaya, amma daga inda nake zaune ina ganin hawayenta na ɗiga kan faifan.