Na Kai Wa Yayata Ƙarshen Littafina a Badarawa

Mun tashi da asuba, ni da gwaggona, amma sai da rana ta ɗaga sosai motarmu ta bar tashar Ƙaura. Yanzu babu direban da zai hau hanyar Shinkafi shi kaɗai. Sai motoci sun taru, an ji bakin waɗanda suka fito daga can. Kuɗin mota ya kusa ninkawa. Na yi ta tsaki har Gwaggo ta ce in na matsu in kama hanya a ƙasa.

Masu bibiyar littafina, kun dame ni da tambayar me ya sa na tsaya. To ga dalili. Matar nan mafaɗaciya da mijinta mai shiru-shiru da nake rubutawa, yayata ce da mijinta, malamin Islamiyya a Badarawa. Ita in ta ɗaga murya har maƙwabta sun ji, shi kuwa sai ki gama cin abinci bai gama amsa gaisuwa ba. Da saninta na rubuta, ita ce ma mai fara karantawa. Da damina 'yan bindiga suka sami mijin a gona. Na daɗe ban taɓa littafin ba, sai kwanan nan na rubuta babin ƙarshe, na kashe malamin littafin yadda aka kashe na gaske. Ba zan saki ba sai ta ji, ga shi sabis ba ya kamawa a wajensu.

Daga Ƙaura muka nufi Moriki. Gero ya nuna a gonakin bakin titi, na can ciki kuwa ciyawa ta cinye su. A Moriki muka sha fura. Na ce wa mai damawar ruwa ya fi nono yawa, ta ce in nuna mata inda shanun suke. Daga Shinkafi muka hau babur.

Na same ta cikin takaba, a kan tabarma, ido babu kwalli. Shirunta ne ya tsorata ni. Aka kawo hoce, ban iya ci ba. Da Gwaggo ta fita wajen mutanen gida na ciro waya na fara karanta mata. Ina kaiwa inda babura suka shigo gona ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Mi za ki yi mai?"

"Abin da ya faru, Yaya. Ba na son ƙarya."

"Ke rufe min baki! Ƙarya nawa kika zuba a baya? Kin sa yana ce min hasken idona. Malam? Mutumin da in na yi faɗa na gaji sai ya ce, kin ci abinci? Duk na ƙyale ki. Sun kashe min ɗaya, ke kuma ki biyo ni har ɗaki ki kashe wanda ya rage?"

Daga tsakar gida na ji surukarta ta ce alhamdulillahi. Tun rasuwar ba su ji muryarta haka ba.

Na ce, "To yaya zan ƙare shi?"

"Ki maido shi gida. Ya jingine fartanya, in yi ta masifar ya daɗe, ya tambaye ni ko na ci abinci. Shi ke nan."

Washegari muka sake jiran ayarin motoci, wannan karon ban yi tsaki ba. Kafin mu kai Moriki na goge babin. Mun iso Ƙaura kafin la'asar.

Ni mai faɗin abu yadda yake ce, kuma da ina ganin littattafan nan namu na ɗebe kewa ne kawai. A Badarawa na gane akwai wadda nan ne kaɗai mijinta ke shigowa gida. Mai jiran kuka a ƙarshen littafina ta nemi wani. Malam ya dawo daga gona.