Ranar da na kasa kiran ɗana a bakin teku

Gaisuwa ga Edita da masu karatu. Na daɗe ina son rubuto wannan labari ina fasawa, yau dai na daure. A lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da biyu, ina da ɗan shagona na atamfa da leshi a Zongo, a nan Kwatano. A unguwar aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, Faransanci nake ciniki da shi amma Hausa nake faɗa da ita. Mace ce ni mai baki, mai son a yaba mata, kuma abin da aka fi yabona da shi a tsakanin mata shi ne kunyar ɗan fari. Mu 'yan Zongo da yake nesa muke da ƙasar kakanninmu, wani lokaci mukan riƙe al'ada fiye da waɗanda muka baro a can, don kada a ce mun narke cikin mutanen bakin ruwa. Ni kuwa na fi kowa zaƙewa. Ɗana na fari namiji ne, mahaifiyata ta ɗauke shi tun daga yaye, sai da ta rasu ya dawo hannuna yana ɗan shekara bakwai. Sauran mata sukan sa wa nasu laƙabi su riƙa kira da shi, ni ko laƙabin ban yarda ba. In ina son sa, ƙanwarsa nake aikawa ta kira min shi. In muna zaune da mata ya shigo, sai in ɗauke kai kamar ɗan maƙwabta ne ya zo ɗiban ruwa. Su yi ta cewa wance ta iya kunya irin ta mutanen da, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Kada mai karatu ya ɗauka ba na son yaron. Wallahi a cikin 'ya'yana babu wanda nake ji har cikin ƙashina kamarsa. Naman da ya fi laushi a tukunya kwanonsa nake sa wa, in ya makara daga lekol, wato makarantar boko, ina auna yadi amma idona na bakin titi, ina duba kowane zem, wato ɗan acaɓa, da ya tsaya. Sai dai duk wannan a ɓoye nake yi, shi bai sani ba. Yaro ne mai shiru, mai son aikin hannu, ba ya ƙorafi.

Yana shekara goma sha ɗaya ya shiga ƙungiyar 'yan sikawut ta makarantarsu. Da babban hutu ya zo, ya kawo takarda cewa za su yi sansanin kwana uku a wata gonar kwakwa da ke bakin teku, yamma da gari, kuma duk yaron da zai ɗauki alƙawarinsa na farko ana son uwarsa ko ubansa su zo tare da shi. Babansa direban kamiyo ne, babbar motar nan, ya yi arewa da kaya, ba zai dawo ba sai bayan sati biyu. Yaron bai ce min in zo ba, ya dai ajiye takardar a kan keken ɗinki ya tsaya yana murza gefen rigarsa. Na ce wa ƙanwarsa ta gaya masa zan je, amma don taya sauran mata girki zan je, ba don kowa ba. Har yau ina tuna yadda ya fita da gudu yana tsalle, takalminsa ɗaya ya cire a bakin ƙofa.

Mu mata bakwai ne daga Zongo, har da maƙwabciyata wadda ita ma ɗanta na fari ta rako, sauran iyayen daga unguwannin Agla da Zogbo suke. Shugaban yaran, wanda suke kira shef, saurayi ne mai kirki, ba Bahaushe ba. Da muka sauka ya tara mu ya yi mana bayani da Faransanci cewa teku a wannan lokacin na shekara ba ta da wasa, sun ja igiya a kan yashi, ba yaron da zai tsallake ta, kuma a lokacin hutu kowace uwa ita ce mai tsaron ɗanta. Muka dubi juna muka yi dariya ƙasa-ƙasa, muna cewa wannan bawan Allah yana so mu zauna mu zura wa 'ya'yan fari ido a gaban jama'a. Nan take na kawo dabara, na ce wa maƙwabciyata mu yi musaya, ta tsare nawa in tsare nata. Ta yarda, aka yaba min da wayo, ba wanda ya gaya wa shef.

Ranar farko yaron ya kafa tantin rukuninsu, shi ya ɗaɗɗaure igiyoyin da wani irin ƙulli da aka koya musu. Da ya gama sai ya zo inda muke yankan albasa, ya tsaya daga nesa kaɗan, ya ce wa maƙwabciyata ta zo ta ga aikinsa, amma ni yake kallo. Wata dattijuwa a cikinmu ta tsokane ni, ta ce ga maigidan ya zo neman a yaba masa, ko zan tashi. Na ce ni ban ga kowa ba, albasa nake gani. Aka kwashe da dariya. Bayan an watse na zagaya ta bayan tantin ni kaɗai, na taɓa ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya, na ji daɗi har na yi murmushi, amma shi yana can wajen ɗiban itace. Washegari da safe aka yi bikin alƙawari. Ana kiran yaro ya fito, uwarsa ko ubansa su ɗaura masa ɗankwalin wuyan nan nasu. Na ga wani uba ɗan Agla ya rungume nasa har da ɗaga shi sama. Da aka zo kan nawa, na tura maƙwabciyata da gwiwar hannu, ita ta fita ta ɗaura masa. Ya tsaya ƙyam ya sara kamar yadda aka koya musu, idonsa ya zagayo ya same ni, ni kuma na sunkuyar da kai ina gyaran mayafi.

Da la'asar ɗin ranar aka ba su hutu, suka fita buga ƙwallo a kan yashi, yara wajen arba'in, duk kaki iri ɗaya. Mu muna zaune a inuwar kwakwa muna tsince shinkafa. Sai ɗan maƙwabciyata ya taka fasasshiyar kwalba, ƙafarsa ta yi ta jini. Ita da ta ga jini kunyarta ta gudu, ta ture ni ta ɗauki abinta ta yi wajen tantin magani da shi, shef ya bi su da akwatinsa. Na ma yi mata tsiya a bayanta, na ce ashe kunyar tata ta baki ce. Ban yi tunanin cewa yanzu nawa ba shi da mai tsaro ba sai ni.

Amma ina kallonsa, wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa mijina ba. Kullum ina kallonsa ta gefen ido, ranar ma haka. Na ga lokacin da ƙwallon ta tsallake igiya ta gangara, domin yashin wurin gangare ne mai zurfi zuwa ruwa. Na ga ya waiga, bai ga shef ba, ya tsallake ya bi ta. Ya cim mata a inda yashi ke da laima, ya ɗauka, ya juyo yana fuskantarmu, ya ba teku baya, yana kakkaɓe ta a cinyarsa. A bayansa na ga ruwa ya ja da baya sosai, wata igiyar ruwa tana tasowa wadda ta fi duk na baya. Na miƙe tsaye, tiren shinkafa ya zube. Sunansa ya zo bakina, ina jin sa a kan harshena. Sai na tuna mata biyar na zaune kewaye da ni, har da dattijuwar nan, kuma jiya-jiya na ce albasa nake gani. Abin da ya fito daga bakina shi ne, kai yaro, kai. Yara kusan goma suka waigo, ban da shi. Me zai sa ya waigo? Tun da yake bai taɓa jin muryata ta neme shi ba. Na juya ga dattijuwar na ce, Iya, ki kira shi. Ta ce, wa? Kafin in nuna mata, ruwan ya sauko a kansa.

A lokacin ne na kira sunan. Na kira shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba, ina gudu ina faɗuwa, mayafina ya tafi, ina ta kira, sai ƙwallon kawai nake gani tana yawo a kan kumfa. Wasu masunta da ke gyaran raga a kusa su suka shiga da igiya a ƙugu. Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka ba, an ce min bai kai yadda nake ji ba. Suka fito da shi jikinsa ya saki, shef ya durƙusa yana danna ƙirjinsa yana hura masa iska yana kuka, har ruwa ya fito, numfashi ya dawo. Kowa ya yi hamdala, aka sa mu a mota zuwa asibiti.

Kwana goma sha biyu ya yi bai farka ba. Da ya buɗe ido na ɗauka an gama, sai likita ya zaunar da mu ni da babansa ya ce ƙwaƙwalwarsa ta daɗe ba iska, mu yi haƙuri, yaron da muka sani da wuya ya dawo. Shekara huɗu ke nan. Ba ya magana, ba ya tafiya sai an riƙe shi, ni nake ba shi abinci, ni nake masa wanka. Na bar wa ƙanwata shagon. Ya yi tsawo, gashin baki ya fara fito masa, hannuwan nan da suka iya ƙulli sun naɗe ba sa riƙe ko cokali.

Maƙwabciyata ta zo asibiti ta faɗi a ƙafata tana neman gafara, wai amana na ba ta ta saki. Na ɗaga ta na ce ba komai, ƙaddara ce. Na bar ta da wannan nauyin shekara uku cur, ina kallo tana ramewa, tana aiko mana da abinci duk Juma'a, saboda na fi son a ce ita ta yi sakaci da a san abin da na yi. Sai azumin bara na kira ta ɗaki na gaya mata gaskiya. Ba ta zage ni ba, na so ma ta zage ni. Ta dai ce ita tun ranar da ta ga jinin nan take kiran nata da sunansa, ko a gaban wa. Dattijuwar kuwa ta rasu ba ta taɓa ɗaga maganar ba, amma duk lokacin da muka haɗu a wajen suna ko biki sai ta kauce wa idona. Mijina har yau ya ɗauka ban ga komai ba sai da aka yi ihu.

Na yarda da ƙaddara, malamai sun yi min nasiha kuma na ji. Mai yiwuwa ko na kira shi ruwan zai cim masa. Amma ni na ga tazarar da ke tsakaninsa da busasshen yashi, taku biyar ne ko shida, kuma yaro ne mai gudu. Abin ba ya bari na. Ina tsakiyar wanke-wanke sai in ga ruwan nan yana ja da baya. In yara na buga ƙwallo a layinmu na ji wani ya busa usur irin na 'yan sikawut, sai in nemi wuri in zauna. Ban ƙara zuwa bakin teku ba, in zem zai bi ta hanyar da ake hango ta sai in ce ya sauya hanya. Na sha kulle kaina a ɗaki in faɗi sunan ina aunawa, bai kai numfashi ɗaya ba. Abin da na hana ɗana ke nan don kada mata biyar su yi min dariya.

Ban rubuto don in zagi al'adarmu ba. Iyayenmu sun yi kunya, kuma akwai kyau a cikinta, amma su ba su mai da ita abin gasa ba kamar yadda na yi. Na gane cewa yabon da nake nema a bakin mata ba kunya ba ce, girman kai ne na sa masa mayafi. Kuma ƙungiyar yaran ba ta da laifi, sun ja igiya, sun gaya mana gaskiya, mu muka mai da dokarsu abin wasa. Duk uwar da aka ce ta tsare ɗanta, ta tsare shi da kanta, kada ta ba wata aro. 'Yar'uwata mai ɗan fari, in kin ga dama ki ci gaba da ɗauke kai a gaban surukai, ban hana ki ba, amma ki tabbata yaron ya san muryarki in ta kira shi, ki saba masa da ita tun a cikin gida, ki duba abin da ya ƙulla da hannunsa ki ce ya yi kyau yana ji. Ni yanzu ina kiran nawa daga safe har dare, a gaban kowa, ba mai dariya. Likita ya ce in ya juyo da ido wani lokaci, ƙara ce kawai yake bi. Yana nan kusa da ni a kan tabarma da nake wannan rubutu, na kira shi sau biyu tun da na fara, yana kallon bango.