Shirun da Na Sa a Waƙar Saminu

Mun tashi da asuba daga Kano, mu goma sha biyu daga ƙungiyar mawaƙan cocinmu, muka nufi ƙauyenmu da ke gaba da Ɗambatta. Kowa na hira, ni kuwa idona na kan takardar waƙar da za mu rera. Wata shida na yi ina ɗora wa waƙar Saminu sabon kari mai murya huɗu, wato addu'ar tsohon nan da ya rungumi jariri Yesu, ya roƙi Ubangiji ya sallame shi lafiya. Wanda ya koya mini ita ina yaro, tsohon mai bisharar garinmu da muke kira Baba, shi ya aiko yana so ya ji kafin ƙarfinsa ya ƙare. Baba kuwa in waƙa ba ta yi masa ba, sanda yake bugawa a ƙasa, shi ke nan an tsaya.

A Ɗambatta muka karya da ƙosai da koko. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa uku kafin baki ya san an zo. Daga nan muka bar kwalta, gero da dawa sun rufe hanya, gida na bin gida, ga amalanken shanu da ba ya kauce wa kowa.

Cocin ya cika. A tsakiyar waƙar na tsara a yi shiru na ɗan lokaci, yadda muke yi a birni. Na manta da mutanena. Muna yin shiru, mata suka ɗauka wurin amshi ne, suka karɓe da kiɗan tulu da caki, wata ta rangaɗa guɗa. Masu siririyar murya a cikinmu suka rikice, ni ma na rikice.

Sai ga ƙarar sanda.

"Ku sake," in ji Baba.

Muka sake, matan suka sake shigowa. Da muka gama ya kamo hannuna, ya ce, "Na zaci birni ya cinye ka. Ashe ka bar mana wurinmu."

Ban gyara masa ba. Ajiyar zuciyar da na yi, na kusa da ni ma ya ji.

Mun iso gida Kano da la'asar da guzurin ɗanyar gyaɗa. Na gane cewa wannan waƙa tun kafin in taɓa ta tana da masu ita. Ko takalmi ban cire ba na ɗauko takardar, na soke shirun, na rubuta "amshi".