Ƙullin da Baba Ya Yi a Ɗakin Tarihi

Shekarun baya na taɓa aiki a wani ɗan ɗakin tarihi a unguwar Kakuri ta Kaduna, inda aka tara kayan tsofaffin masaƙu. Aikina bai wuce share ƙura da hana mutane taɓa kaya ba. Ƙurar kam ta ba ni aiki, mutanen da zan hana ɗin ne babu. Sai in yi sati ban ga baƙo ba, in ban da masu shigowa fake wa ruwan sama.

Duk da haka ina son ɗakin. Da rana haske yakan zubo ta hujojin kwano ya kwanta kan yadudduka, ni kuma in jingina da bango in lumshe ido. Sai in ji kamar jiniyar masaƙa ta yi kuka, in hango maza suna fitowa bisa kekuna, auduga ta yi musu furfura tun ba su tsufa ba. Mahaifina yana cikinsu. Ya daɗe gaban injin saƙa har ƙarar ta cinye masa kunne, kuma tun da aka rufe masaƙar ya koma mutum mai shiru. Kullum yana ƙofar gidanmu a Makera yana kallon hanya.

Wata safiya shugabarmu, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna da muke ce wa Madam, ta zaunar da ni. Ta ce, "'Yata, masu ginin sun ce in damina ta wuce ba a ga mutane ba, mai siminti za su ba ɗakin. Kayan nan kuma sito za a zuba su."

Na san abin da sito yake nufi: gara da ɓera. Da na koma gida na faɗa wa mahaifina da ƙarfi a kunne. Ya ci gaba da kallon hanya.

Washegari sai ga shi ya sauko daga keke-napep, da sandarsa da hular da yake zuwa Juma'a da ita. Bai tsaya kallon hotuna ba. Kai tsaye ya nufi wani ƙaramin injin gwajin saƙa, irin wanda ake juyawa da hannu, da muka kewaye da igiya. Zarurrukansa sun tsittsinke suna reto, kuma haka muka same shi, haka nake bi ta gefensu da tsumma kullum. Kafin in ankara Baba ya tsallake igiyar.

Ni kuwa uwar iyayi na daka tsawa: "Baba! Ba a taɓawa!"

Har yau ban sani ba, bai ji ba ne ko ya ƙi ji ne. Ya kamo bakin zare biyu, yatsunsa suka yi wani ɗan motsi da idona bai iya bi ba, zare ya haɗe. Ya kama na gaba. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, ranar ko gezau bai yi ba.

Ya waiwayo ya ce, "Uwata, wa ya bar zare a tsinke haka? A zamaninmu mutum bai isa ya wuce shi ba."

Rabon da in ji ya yi magana mai tsawon haka, na manta. Da ya gama ya kama hannun injin ya juya. Ƙoshiyar da ke ɗauke da zare ta fara kai da kawowa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na juya a tsorace in ba Madam haƙuri, sai na tarar tana share hawaye da bakin zanenta.

"Ki bar shi," in ji ta. "Rabona da wannan ƙarar tun maigidana yana da rai."

Ƙarar ta fita har titi. Wani tsoho mai sayar da goro ya leƙo yana tambayar ko an buɗe masaƙa ne. Kafin sati biyu labari ya zaga, tsofaffin ma'aikata suka mai da ɗakin majalisarsu, Musulmi da Kirista, suna musu da ƙarfi don rabinsu ba sa ji. Mata suka tono atamfofinsu na ƙasan akwati suka ba mu aro. Teloli suka riƙa zuwa duba zanen da. Igiyar nan ni da kaina na kwance ta. Da masu ginin suka zo bayan damina, wurin tsayuwa ma da ƙyar suka samu, mai siminti kuwa ya nemi wani shagon.

Da ina ganin adana abu shi ne nesanta shi da hannun mutane. Ashe ni mai gadin ce na kusa kashe ɗakin, ina tare masu shi a bayan igiya. Har yanzu ina jin kunyar tsawar nan.

Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Yadin da ya saƙa ranar yana nan rataye, kowa na iya taɓawa. Na taɓa ce masa ya nuna mini inda ƙullin nasa yake, ya yi dariya ya ce, "In kin gano shi, to ban iya aiki ba."

Na daɗe da barin aikin, amma in na bi ta Kakuri nakan shiga, in rufe ido, in bi yadin da yatsa a hankali. Har yau ban gano shi ba.