Tambaya ta Huɗu

Ko zan manta da ranar da na kama aiki, ba zan manta da Larabar da muka je wani ƙauye a bayan Dabai ba, a ƙarshen damina, saura shekara uku in yi ritaya. Ku da kuka zo bayanmu kuna ji ana ce mini Malam Siriyatim, kuna dariya, ba ku san inda sunan ya fito ba, balle abin da ya sa na aikata. Yau zan faɗa muku, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

A lokacin ina mataki na tara a sashen samar da ruwa a karkara a nan Zuru, kuma ni ne tafintan ofis. Duk baƙon da ya zo daga sama wanda ba ya jin Hausa, ni ne bakinsa, ni ne kunnensa. A mota kujerar gaba tawa ce, a wurin taro ina tsaye a damansa. Wasiƙun ofis ma ni nake tsarawa, Darakta sa hannu kawai yake yi. Shekara goma sha tara ina kan wannan, ba wanda ya taɓa ce mini matsa.

Sunan kuwa daga tsohon sakatarenmu na samo shi, Allah ya jiƙansa. Shi ya koya mini cewa a aikin gwamnati, idan an jero maka tambayoyi, amsawa ma tana da tsari, kuma Turawa sun ba kowane tsari suna. Wanda ya fi so shi ne seriatim, wato bi da bi: ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ba tsallake, ba waiwaye. Akwai kuma wanda suke cewa in reverse order, a faro daga ta ƙarshe a dawo baya. Wannan, in ji shi, dabarar 'yan siyasa ce, masu son su cika kunnen mutane da surutu har a manta da abin da aka fara tambaya. Na riƙe maganar nan kamar karatun allo. Ba taron da zan tsaya ban furta kalmar ba, ina jan ta a baki don a ji, har ta bi ni ta zama suna. Ni kuwa daɗin sunan nake ji.

Sai aka kawo mana Rifkatu. Ɗiyar wani tsohon soja ce daga Rikoto, a bariki ta tashi, tana mataki na shida. Tana jin C'lela, yaren mutanen ƙasar, tana jin Hausa, Turancinta kuma babu gargada, abin da tun farko bai kwanta mini ba. Aikinta rajista: ta bi mutane a wurin taro tana rubuta sunaye. A mota wurinta baya ne, can cikin bututu da jarkoki. Yarinya ce mai ladabi, Baba Garba take ce mini, ni ma ban taɓa jin tana da wata barazana a gare ni ba.

A shekarar aka turo wani injiniya ɗan Kudu don haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka takwas. Ka'ida ita ce kafin motar haƙa ta shiga gari, sai an zauna da mutanensa, an nuna musu wurin, an ji ta bakinsu. Za a kuma naɗa jami'i ɗaya da zai zama tsani tsakanin injiniya da ƙauyukan har aikin ya ƙare. Ban ko tambayi wa za a naɗa ba, don a ganina amsar tana zaune a kujerar gaba.

Ƙauyen farko shi ne na bayan Dabai. Aka taru a gindin wata ɗorawa kusa da coci, maza a kan benci, mata a tsaye da goyo. Injiniya ya yi bayani, na fassara. Sai dattijon garin, wani tsoho da ake kira Baba Noma, ya dogara sanda ya miƙe. Ya ce zurfin rijiyar zai kai gaba nawa. Na rubuta, ɗaya. Ya ce in ta lalace wa zai gyara. Na rubuta, biyu. Ya ce kwana nawa za a yi ana aikin, don girbin dawa ya matso. Na rubuta, uku. Har ya juya zai zauna, gwiwarsa ta fara lanƙwasa, sai ya ce da ƙaramar murya, yana kallon ƙasa, "Mota ɗin nan mai nauyi, ta gindin dutse za shi bi?"

Na rubuta: huɗu, hanya.

Na karanta wa injiniya jerin, na ce masa za mu ɗauke su seriatim. Ya gyara tsayuwa zai fara da zurfi. Kawai sai na ga Rifkatu a gefena, rajista rungume a ƙirji. Ta rusuna ta ce wa injiniya da Turanci, don Allah ya fara da ta ƙarshe.

Na ce mata da Hausa, ƙasa ƙasa, "Ke Rifkatu, koma ga rajistarki. Wa ya kira ki?"

Ta ce, "Yi haƙuri, Baba Garba. Gindin dutsen nan kusheyin kakanninsu na wurin. Ita ce tambayar da ta tashe shi tsaye, sauran duk gaisuwa ce."

Injiniya ya ce me take faɗa. Kafin in buɗe baki ta maimaita masa. Ya naɗe taswirarsa, ya dubi tsohon, ya ce a gaya masa motar ba za ta taka ko'ina ba sai inda shi ya nuna. Na fassara, don aikina ne, amma kamar ina tauna tsakuwa.

Baba Noma ya sake miƙewa, wannan karon ba da sanda ba. Ya ce, "To, ku taho ku gani." Muka bi shi, gari duka a bayanmu. A gindin dutsen, cikin ciyawa, ga tsofaffin kaburbura, an kifa wa kowanne tukunya irin ta mutanen da, wasu sun fashe, wasu suna nan ƙalau. Layin da aka ja a taswira ta kansu ya bi. Tsohon ya nuna wata hanyar ta bayan gonarsa, ya ce a sare masa dawa kunya biyu ba komai, mota ta wuce. Aka watse ana ta shi wa injiniya albarka. Tambayoyi ukun nan da na jera da lamba, ba a amsa ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya sake tayar da su. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Da za mu dawo, injiniya ya ce Rifkatu ta sauko daga baya ta shigo ciki kusa da shi. Tun daga Dabai har Zuru suna hira, tana ba shi labarin yadda tsofaffin ƙasar nan suke magana: ba sa fara kawo abin da ke ci musu rai, sai sun zagaya, sun ga fuskar baƙo, sannan su ajiye shi a ƙarshe kamar ba komai ba. In ka bar shi a ƙarshen, sun ɗauka ba ka ji ba, ko ka ji ka raina. Ni ina gaba kamar buhun da aka ɗora. Can injiniya ya taɓo kafaɗata, ya ce a littafina me ake kiran irin tsarin da ta bi. Na ce in reverse order, kuma ba a yarda da shi a aikin gwamnati ba. Ya yi dariya, ya ce ko me ake kiransa, shi yake so.

Washegari na ji ya gaya wa Darakta ita yake so a naɗa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, hassada ce ta kama ni, irin wadda ke hana tuwo wucewa. Ni haifaffen garin nan ne. Shekara goma sha tara ina jin tsofaffi suna ajiye magana a ƙarshe, ban taɓa lura ba, sai yarinyar da na girmi ubanta ta gani a zama ɗaya. Da kuskure ta yi, da na yafe mata tun a mota. Daidai ɗin da ta yi shi ne na kasa yafewa.

Na shiga wurin Darakta na ce, "Ranka ya daɗe, in ƙaramin ma'aikaci zai riƙa katse na gaba da shi gaban baƙo, gobe kai za a katse." Mutum ne mai gudun hayaniya. Ya ce, "To, Malam Garba, rubuto kweri in sa hannu."

Ga waɗanda ba su sani ba, kweri takardar tuhuma ce. Ana ba ma'aikaci kwana ɗaya ya kare kansa a rubuce, a saka kwafi a fayil ɗinsa. Wanda kuwa ke da sabuwar tuhuma a fayil, ba a ba shi wani muƙami a shekarar. Na san da haka sarai lokacin da na zauna rubutawa. Na jera mata tambaya huɗu. Mene ne aikinta a wurin taro? Wa ya ba ta izinin barin rajista? Ta san tsarin amsa tambayoyi a aikin gwamnati? Har na ɗauki takardar zan kai a buga, sai na dawo na ƙara ta huɗu a can ƙasa: shin tana ganin tafintan ofis bai iya aikinsa ba ne?

Amsarta ta iso kafin azahar. A saman takardar ta rubuta cewa za ta amsa seriatim, harafi bai kauce ba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, tsaf, ba inda zan sa jan biro. Ashe ta san kalmar tun da daɗewa, ba ta dai yawo da ita a baki ne kawai.

Da aka tashi aiki ta zo teburina ta tsaya. Idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta rawa.

Ta ce, "Baba Garba, a takarda na bi tsarinku. A baki kuwa da ta ƙarshe zan fara, don na san hannun da ya rubuta. Ban taɓa cewa ba ka iya aikinka ba. Ba na son kujerarka."

Na ce, "Ofis ya tambaye ki, ba ni ba."

Ta ce, "Ai a wurinka na fara lura da abin nan. Kullum in ka shigo sai ka ce, Rifkatu kin karya? Yaya jikin Soja? An yi ruwa a Rikoto? Sai ka kai bakin ƙofa ka ce, af, wasiƙar jiya fa? Na san wasiƙar ce ta kawo ka. Kai ma haka kake tambaya, Baba."

Sai na hau gyara takardun da ba su buƙatar gyara har ta fita.

Akwai sauran dama. Kwana biyu bayan haka Darakta ya kira ni ya ce amsar yarinyar ta gamsar da shi, ko a cire takardar daga fayil? Kalma ɗaya ake nema daga gare ni. Na ce, "A bar ta, ranka ya daɗe, ta zama darasi." Aka bar ta. Injiniya ya yi faɗa, aka nuna masa ka'ida. Ni aka naɗa. Kafin wata ya ƙare Rifkatu ta nemi canji zuwa wani sashe, aka ba ta.

Na zaga sauran ƙauyuka bakwai a kujerar gaba. Labari kuwa ya riga mu isa, don ƙasar nan ba ta da faɗi. Duk inda muka je, dattijo zai miƙe ya yi tambaya uku, ya dubi bayan motar, ya ga Rifkatu ba ta nan, ya zauna. Ni kuma in amsa su bi da bi, a tafa, a watse. A ɗaya daga cikin ƙauyukan famfon yana nan har yau, ruwansa garau, amma ba macen da ke zuwa ɗiba, awaki ne ke kwana a kan simintin. Akwai dalili, na tabbata. Yana cikin tambayar da ba a yi mini ba.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Ku koyi tsarin ofis da sunayensa, takarda tana buƙatarsu, kuma mai duba fayil da lamba yake bi. Amma in mutum ne a gabanku, ku saurari abin da ya faɗa yana shirin zama, ko yana riƙe da ƙofa. In kuma na ƙasa da ku ya riga ku ji, ku sani zafin da zai taso muku a ƙirji ba kishin ka'ida ba ne. Ni na sa masa wannan rigar, ta kuma zauna masa daidai har na yaudari kaina.

Rifkatu yanzu ta wuce matakin da na yi ritaya a kai. In na ji ana yabonta, har gobe sai wani abu ya ɗan soke ni, ba zan ɓoye ba. Watan jiya muka haɗu a kasuwar Zuru, ta sayi doya, ɗan acaɓa yana jiranta. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni.

Ta ce, "Baba, yaya ƙafar? Yaya Hajiya? Auta ya gama makaranta?" Ta hau babur ta gyara zama, sannan ta ce a hankali, ba ta dube ni ba, "Har yanzu kana fushi da ni?"

Na ji ta sarai. Na san wadda ya kamata in fara da ita. Sai na ji bakina yana cewa ƙafa da sauƙi, Hajiya tana lafiya, auta saura shekara ɗaya. Kafin in iso ta huɗu, babur ya shige cikin mutane.