Mai Kira Daga Maigatari

'Yan uwa, ku ji abin da ya same ni! Ɗazu Maman Ladi, maƙwabciyata mai tarho, ta ce ana nemana a waya. Wani mutum ne. Ya ce, "Daga Maigatari nake. Motar maigidanki ta kife, ki taho yanzu."

Ina kuka sai na ji ƙarar injin niƙa a wayar, irin na layinmu. Aka ɗauke wuta, ƙarar cikin wayar da ta layinmu suka tsaya tare.

Na ce, "Malam, a nan Gumel kake."

Ya yi dariya. "Na ga ba ki goyo jaririyarki ba."

Na ruga gida ba takalmi. Na tarar tana barci, amma ba a inda na kwantar da ita ba.